Yadda za ka bar ɗakin haya lafiya idan abokin zamanka ya zama barazana

Wani dare a bara, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, ƙanina ya kira ni daga harabar wani masallaci a Dorayi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Yaya, a nan zan kwana, ba zan iya komawa ɗaki ba." Sai da na matsa masa sannan ya faɗa mini cewa yaron da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki tare ya koma kwana da wuƙa a ƙarƙashin filo, kuma a daren ya zare masa ita a kan maganar cajar waya. Na tambaye shi tun yaushe abin ya fara, ya ce wata uku. Wata uku yana barci da ido ɗaya bai gaya wa kowa ba, saboda kuɗin hayarsa na shekara yana ciki, kuma yana jin kunyar a ce ya kasa zama da mutane.

Irinsa suna da yawa a Kano. Ɗalibai ne a Danbare da Rimin Gata da Janbulo, yaran shago ne na Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, masu yi wa ƙasa hidima ne da ƙananan ma'aikata, kowa ya haɗa kai da wani don haya ta yi tsada. Kuɗin kuma na shekara ake biya gaba ɗaya, rasit ɗin galibi da sunan mutum ɗaya. Shi ya sa idan zama ya lalace mutum yake jin an ɗaure shi. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: fitar da kanka tukuna, lissafin kuɗi ya biyo baya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Da farko, tantance irin matsalar

Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Wanda ba ya wanke kwano, ko yake shan maka gari, ko yake kunna waƙa har tsakar dare, abin haushi ne, amma magana da sulhu suna iya gyara shi. Ba a kansa nake rubutu ba.

Wanda nake nufi shi ne wanda ya taɓa kai maka hannu ko ya zare maka makami, ko da sau ɗaya ne kuma ya ba da haƙuri washegari. Wanda yake cewa "sai na ga bayanka" ko "ka san su wa nake tare da su". Wanda yake shan ƙwaya ko sholisho har ya fita hayyacinsa, ko ya mai da ɗakin majalisar abokansa da ba ka san daga inda suke ba. Wanda kake ganin wayoyi suna shigowa hannunsa yau uku gobe biyar, alhali ba a kasuwar waya ta Farm Centre yake aiki ba. Wanda yake taɓa jikinka ko leƙenka ko ɗaukarka a waya ba da yardarka ba. Akwai kuma alamar da jikinka yake ba ka kafin hankalinka ya yarda: idan ka fara jan ƙafa a majalisa ko a masallaci don kada ka koma ɗaki da wuri, ko kana kwana da kaya a jikinka da waya a aljihu, to ka riga ka san amsar.

Wasu za su ce ai ba kai ya taɓa ba, harkarsa yake yi. Wannan kuskure ne mai tsada. Ranar da jami'an tsaro suka zo kame, duk wanda aka samu a ɗakin da shi za a tafi, bayani sai an je ofis. Dokar hukumar NDLEA ma ta tanadi ɗauri ga mazaunin wuri da ya bari ana ajiye miyagun ƙwayoyi ko cinikinsu a ciki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a nan farin kan yana iya zama shari'ar da za ta ci maka karatu ko aiki.

Idan kuma hatsarin na yanzu-yanzu ne, ya zare makami ko yana dukan ƙofa, ka manta da sauran matakan. Fita da abin da ke jikinka, nufi inda mutane suke: gidan maƙwabci, teburin mai shayi, wurin 'yan sintirin unguwa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Idan an ji maka rauni ka wuce asibiti kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa.

Gaya wa mutum ɗaya, ka yi shiru ga shi

Yau ɗin nan ka sanar da wani babba da ka yarda da shi: yayanka, kawunka, ubangidanka a kasuwa, malaminka, limamin masallacin layinku. Ka faɗa masa komai ba tare da ragi ba, ka ba shi kwatancen gidan da lambar mai gida. Ku yi alkawarin cewa kullum da dare za ka kira shi ko ka tura saƙo, idan bai ji ka ba ya neme ka. Ku kuma tsayar da wata kalma da in ka faɗe ta a waya ya san ana buƙatarsa nan take, ko da "a kawo mini littafin nan" ne.

Shi kuwa abokin zaman, kada ka faɗa masa za ka tashi. Na san zuciya tana so ta amayar, ka ce masa ka gaji kuma ga ranar da za ka bar masa ɗakin. Ka danne. Mutum mai irin wannan hali ya fi zama hatsari a lokacin da ya ga abin da ya saba juyawa zai kuɓuce masa, musamman idan kai kake biyan kuɗin wuta da abinci, ko ka san sirrinsa. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Gaishe shi kamar kullum, kada ka tanka idan ya tsokane ka, kada ka yi masa barazanar kai shi wurin 'yan sanda. Haka kuma ka kiyayi abokan da kuka haɗa, domin maganar da ka yi a majalisa da la'asar za ta riga ka isa ɗaki. Kada ka rubuta habaici a Facebook ko WhatsApp.

Fitar da abin da ba ya sayuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taɓa katifa ko fanka, fara da takardu: sakamakon jarrabawa, takardar shiga makaranta, shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, katin NIN, katin zaɓe, fasfo, katin ATM, da rasit ɗin haya idan yana hannunka. Zuba su a jakar da ka saba fita da ita kullum, ka kai su gidan wanda ka amince da shi. Ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel. Washegari kwamfuta, jibi kayan sawa masu tsada da sunan za ka kai wanki da guga. A haka cikin kwana huɗu ko biyar rabin ɗakin ya fita ba wanda ya lura.

Waya tana buƙatar kulawa ta musamman, domin wanda kuka kwana ɗaki ɗaya da shi wata da watanni ya sha ganin yatsanka a kan allo. Sauya lambar buɗe waya, sauya lambar sirrin manhajar banki da ta katin ATM, sa wa layinka lambar kulle don kada a zare shi a sa a wata wayar a kwashe maka kuɗi. Shiga WhatsApp ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, duk wadda ba ka sani ba ka cire ta. Idan ka taɓa buɗe imel ko Facebook ɗinka a wayarsa, sauya kalmar sirri. Ajiye ɗan kuɗi a hannu wanda zai ishe ka hayar adaidaita sahu da dare da abincin kwana biyu.

Tara shaida, amma kada ka sa kanka a hatsari dominta

Sami ƙaramin littafi, ko ka riƙa tura wa yayanka saƙo, ka rubuta rana da lokaci da abin da ya faru da wanda ya gani. Saƙonnin barazana kada ka goge su, ɗauki hotonsu ka tura wani wuri. Idan akwai rauni a jikinka ka ɗauki hoto, ka je asibiti, ka adana katin da takardar magani. Shaidar tura kuɗin haya daga banki ita ma ka ciro ta, domin idan sunanka ba ya kan rasit, ita ce za ta tsaya maka. Wanda ya biya hannu da hannu ya tuna wa ke wurin a ranar.

Abin da ba na so ka yi shi ne buɗe jakarsa don ɗaukar hoton ƙwaya, ko ɗaga masa waya a fuska lokacin da yake cikin maye. Babu shaidar da ta kai wannan kasadar.

Nemi wurin sauka kafin sabon ɗaki

Mutane da yawa suna maƙalewa a nan, suna jira sai sun tara kuɗin wani ɗakin. Kada ka jira. Abin da kake buƙata yanzu wurin shimfiɗa ne na mako biyu ko uku: shagon samarin gidan kawunka a Kurna, ɗakin abokin karatu a cikin makaranta, gidan ɗan garinku a Na'ibawa ko Hotoro. Ɗalibi ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai ya yi bayani, ya kuma tuntuɓi ƙungiyar ɗaliban jiharsu ko ƙaramar hukumarsu. Yaron shago ya gaya wa ubangidansa. Roƙon wurin kwana na kwana goma ba abin kunya ba ne a garin da baƙo yake sauka a zauren mutumin da bai taɓa gani ba. Gwargwadon iko ka zaɓi wurin da abokin zaman naka bai sani ba.

Mai gida, dillali da mai unguwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kuɗinka zai dawo ko ya tafi. Kada ka je wa mai gida kai kaɗai, kuma kada ka same shi a ƙofar gidan hayar inda kowa yake gani. Tafi da babbanka, ku same shi a gidansa ko shagonsa. Magana ta zama gajera kuma a natse, kamar haka: "Alhaji, ranka ya daɗe, na zo ne in sanar da kai zan tashi daga ɗakin. Wanda muke tare da shi ya zare mini wuƙa ranar Talata, ga wanda ya gani. Ba rigima na kawo ba. Ina roƙon ka riƙe maganar har in kwashe kayana, sannan a duba sauran watannina."

Wataƙila ya ce ka yi haƙuri shi zai kore shi. Ka yi godiya, amma kada ka zauna jiran hakan. A dokokin haya na galibin jihohin Najeriya, idan ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, ɗan hayar shekara ana ba shi sanarwar wata 6, na wata-wata kuma wata 1, bayan nan a ƙara masa ta kwana 7 kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon watso wa mutum kaya waje ko cire masa ƙofa da ƙarfi. To ka ga idan ka tsaya jira, watanni za ka yi a ɗaki ɗaya da mutumin da ya san ka kai ƙararsa. Kai ma kada ka sauya kwado ka kulle shi a waje, ko da sunanka ne a rasit. Hakan tsokanar faɗa ne, kuma zai iya mai da kai mai laifi.

Game da kuɗi, gara ka san gaskiya tun da wuri: mai gida ba dole ne ya mayar maka da kuɗin watannin da suka rage ba idan kai ka zaɓi tashi, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi haka. Galibinsu ma sun riga sun kashe kuɗin. La'adar dillali, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, ita kam ka cire rai da ita. Amma akwai hanyoyin da ake bi a samu wani abu. A ɗauka ɗakin naira 240,000 ne a shekara, kowa ya ba da 120,000, ka zauna wata 5. Saura wata 7, wato naira 70,000 naka. Ko dai wanda ya rage a ɗakin ya biya ka tunda shi zai more shi shi kaɗai, ko iyayensa su biya, ko mai gida ya ba ka wani ɗakin a wani gidansa ya lissafa da ragowar, ko a yi alkawarin idan ɗakin ya koma hannunsa ya sa sabon ɗan haya a cire maka naka. Duk wadda aka tsaya a kai, a rubuta a takarda da kwanan wata da sa hannun shaidu biyu. A rubuta har da cewa daga ranar kaza ba ka da alhakin ɗakin, ko kuɗin wutar KEDCO, ko abin da aka lalata, ko abin da aka samu a ciki. Wannan layin na ƙarshe ya fi kuɗin muhimmanci, musamman idan rasit da sunanka yake.

Hanya ɗaya ce ban yarda da ita ba: ka nemo wani bawan Allah ka sayar masa da gurbinka ba tare da ka faɗa masa dalilin tashinka ba. Wannan cin amana ne. Ka fita daga rami ka tura ɗan wani ciki, in wani abu ya same shi da me za ka fuskanci iyayensa, da me za ka fuskanci Ubangiji?

Mai unguwa kuma kada ka tsallake shi. Shi ya san gidan, ya san mai gidan, sau da yawa ya san iyayen yaron. Ku je ku gaishe shi, ku sanar da shi ranar da za a kwashe kaya, ku roƙe shi ya ba ku wakili ko ɗaya daga cikin 'yan sintiri. Idan maganar kuɗi ta cije, a gabansa ake fara zama.

Ranar kwashe kaya

Da rana, ba da dare ba. Zaɓi lokacin da ka san ba ya nan, ko yana aji ko yana kasuwa. Tafi da mutum biyu ko uku masu natsuwa, ba masu zafin kai da za su mai da abin faɗan daba ba. Yi ciniki da mai a-kori-kura ko adaidaita sahu tun ana gobe, ya tsaya a ƙofar gida, jakunkunan bakko a shirye. Kafin a taɓa komai ka ɗauki bidiyon ɗakin, bayan an gama ka sake ɗauka, a ga kayansa suna nan yadda suke, domin abu na farko da irin waɗannan mutane suke yi shi ne su ce an sace musu kuɗi ko waya. Wakilin mai unguwa ko mai gida ya tsaya yana kallo.

Ɗauki naka kawai. Abin da kuka haɗa kuɗi kuka saya, tukunyar gas ko ledar ɗaki ko fanka, bar shi a yi lissafinsa a gaban manya. Kada ka riƙe wani abu nasa a madadin bashin da kake binsa. Idan ya dawo ana cikin aiki, kai ka fita waje ka bar babban da ke wurin ya yi magana. Idan ya tayar da hankali, a bar sauran kayan a tafi. Makulli kuma a hannun mai gida ko dillali za ka miƙa shi a gaban shaida, ba a ƙarƙashin tabarmar ƙofa ba. Duk aikin kada ya wuce awa ɗaya.

Yaushe ake kai maganar ga hukuma

Duka, zare makami, barazanar kisa da sata duk laifuka ne a dokar hukunta laifuka da Kano take aiki da ita, kuma ofishin 'yan sanda na yankinku ake kai su. Na fi so ka kai rahoto bayan ka fita, ba kana kwana a ɗakin ba. Tafi da babba, da shaidunka, ka tabbata an rubuta bayaninka, ka karanta kafin ka sa hannu. Sau da yawa akan kira shi da iyayensa a sa shi ya rubuta alkawarin ba zai sake tunkararka ba, kuma wannan takardar tana da amfani idan ya ci gaba da bibiyarka. Hukumar Hisbah, wadda hedikwatarta take Sharaɗa kuma take da ofisoshi a ƙananan hukumomi, ta saba da zaman sulhu a kan rigimar kuɗi da zamantakewa. Idan sulhu ya gagara, akwai kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci. Maganar dillancin ƙwaya ta NDLEA ce.

Wani lokacin kuma yaron ba mugu ba ne, rashin lafiya ce: ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana zargin kowa da yi masa asiri. Tausayinsa wajibi ne, amma kai ba likita ba ne. Taimakon da za ka yi masa shi ne ka nemo iyayensa ka faɗa musu abin da ka gani, su kai shi asibitin Dawanau ko sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Ka yi hakan daga inda ka koma.

Ga 'yan'uwa mata

Duk abin da na faɗa ya shafe ki, sai dai naki hatsarin sau da yawa ba daga abokiyar zaman yake zuwa kai tsaye ba, daga mazan da take kawowa ne, ko wanda ta ba makullin ɗaki, ko hotonki da ta ɗauka kina barci ko kina sauya kaya tana yi miki barazana da shi. Na san abin da yake rufe miki baki: tsoron a gida a ce daga yau kin bar karatu ko aiki, ki dawo. Nemi wadda za ta fahimce ki a dangi, yayarki ko gwaggonki ko innarki, ta shige miki gaba. Kada ki biya kuɗi don a goge hoto, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Adana saƙonnin ki kai ƙara. Idan kuma an keta miki haddi, ki je asibiti da gaggawa kafin ki yi wanka in zai yiwu. Akwai cibiyar Waraka a Kano da aka tanada don wannan, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi. Laifin ba naki ba ne.

Bayan ka fita

Kada ka faɗi sabon wurinka sai ga wanda ya zama dole. Idan ya kira yana ba da haƙuri, ka yafe masa a zuciyarka in ka ga dama, amma yafiya ba ta wajabta komawa ba. Duk maganar kuɗi ta bi ta hannun babban da ya shiga tsakani. Idan ya ce ka zo ka ɗauki abin da ka manta, aika wani. Na ɗan lokaci ka sauya hanyar da kake bi da wurin da kake hawa adaidaita sahu, ka sanar da masu gadin makaranta ko abokan kasuwa idan ya fara zuwa nemanka. Barci ma zai ɗan yi maka wuya a makonnin farko, ƙaramin motsi ya farkar da kai. Ka faɗa wa na kusa da kai, in abin ya daɗe ka ga likita.

Ƙanina ya samu kusan rabin kuɗinsa bayan wata biyu, mahaifin yaron ne ya biya a gaban mai unguwa. Fankarsa da bokitinsa suna can har yau, na hana shi komawa ɗauka. Da zai kama ɗaki na gaba tare muka je wurin dillali. Na sa aka rubuta sunayensu su biyu a rasit da abin da kowa ya biya, muka karɓi lambar mahaifin sabon abokin zaman muka kira shi a nan take, sannan aka ƙara layi ɗaya a takardar: duk wanda zai tashi kafin shekara ta cika, wanda ya rage zai biya shi ragowar watanninsa cikin kwana 60.